Taga Mai Kallon Arewa

Shekara goma sha tara muna haya a Sheffield,
kowane gida bangonsa ruwan madara,
madarar ma wadda aka tsinka da ruwa.
Ƙusa ɗaya ba ta shiga sai da izinin mai gida.
Bana makulli ya zama namu.
Na tsaya tsakiyar falo, hannu a ƙugu,
na ce wa bango: to, yau sai ni da kai.

Zulai ta dawo daga jami'a da wani faifan kwali,
an yayyanka shi kamar kankana,
kowane yanki da launinsa.
Ta ce, Umma, waɗannan maƙwabta ne,
kore da shuɗi, katangarsu ɗaya, ba a jin kansu.
Waɗannan kuwa daga nesa suke hangen juna,
shuɗi da ruwan goro,
in kika haɗa su, kowanne sai ya ɗaga murya.
Na ce na san irinsu,
ai da babanki nake zaune.

Ta ce tagarmu arewa take kallo,
hasken arewa kuwa sanyi gare shi,
yakan tsotse jinin launi kafin ya sauka ƙasa.
Dariya ta zaunar da ni kan bokitin fenti.
Arewar da na sani
tafin ƙafa take gasawa.

Lissafinta sittin, talatin, goma:
sittin na bango, talatin na labule da kujeru,
goma na ɗan abin da zai tsokani ido.
Na ce rabon gado ke nan.
Ta ce miya dai, ruwa, ganye, gishiri.

Gwaji huɗu muka shafa kusa da taga,
kowanne faɗin tafi biyu.
Kwana uku ina gadinsu.
Ruwan zuma ya yi kyau da hantsi,
kafin azahar ya koma tsohuwar jarida.
Koren da ya sace ni a shago
da la'asar sai ga shi da fuskar majinyaci,
ni kuwa aikin asibiti nake, na san wannan koren.
La'asar ɗin Disamba ma,
goye take zuwa da magariba.

Ranar Asabar na zazzage tsarabar Yaya Tabawa.
Ƙarƙashin kuka da daddawa
goruba guda ta gangaro,
ja ba ja ba, ƙasa ba ƙasa ba,
tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu.

Mai shagon fenti, Gareth aka rubuta a ƙirjinsa,
ya jujjuya ta, ya shinshina,
ya ce wannan itace ne ko burodi?
Ya ɗora ta ƙarƙashin idon na'ura.
Na'ura ta yi shiru, sannan ta tofo lamba.
Ja ya ɗiga, rawaya ta bi shi,
baƙi ɗan ƙiris kamar kwalli,
aka rufe gwangwani, aka jijjiga.

Zulai ta ce ya yi nauyi, zai haɗiye falon,
a ba shi goma.
Na ce sittin ko a fasa.
Shayinmu ya huce muna ciniki.
A bango ɗaya muka tsaya, mai fuskantar taga,
sauran ukun ruwan kunun gyaɗa,
labule shuɗi mai duhu,
don su samu abin ɗaga wa juna murya.

Da asuba babanta ya dawo daga tuƙin bas,
ya tsaya bakin ƙofa, bai cire takalmi ba.
Ya daɗe.
Ya ce ɗakin nan da ɗumi,
kin bar hita a kunne ne, da tsadar gas ɗin nan?

Ban kunna komai ba.
Gorubar na kan dandamalin taga,
da shatin haƙorina a gefe ɗaya.